Injin Yaya Bala Bai Tsage Ba

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai yayana, Kyaftin Balarabe, makwancinsa a nan Minna. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Na saba idan wannan wata ya zagayo in tara dangi a gidanmu na Tudun Wada, a yi masa addu'a, a ci abinci, a watse. Ban taɓa kai maganarsa jarida ba. Ni ba mai son a ji muryata ba ne, kuma duk wanda ya san ni ya san kafin in ce a'a sai na ce wataƙila. Bana dole ce ta sa. Kwamitin unguwarmu zai kafa allo a bakin kowane layi, sunan da kuwa ake shirin rubutawa a bakin namu shi ne Layin Saura Ƙiris. Wannan suna tsokana ce da aka laƙaba wa yayana yana raye, a kan kuskuren da bai yi ba.

Gidanmu gidan jirgi ne tun asali, sai dai na ƙasa. Aikin reluwe ne ya kawo kakanmu Minna, mahaifinmu kuma direban jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya. Shekarar da garin nan ya zama babban birnin jiha, Yaya Bala ya tafi koyon tuƙin jirgin sama. Lokacin da aka buɗe filin jirgin Minna ya riga ya zama kyaftin a wani ƙaramin kamfani, wanda ya daɗe da rushewa, ba kuma sai na ambaci sunansa ba. Unguwa kaf tana alfahari da shi. Idan jirgi ya wuce ta saman gari, ko na wane ne, sai ka ji mata a tsakar gida suna cewa ga Bala can zai wuce.

Abin ya faru ne wata damina a farkon shekarun casa'in. Alhazanmu sun dawo daga Makka sun sauka Kano, aka ɗauki hayar jirgin kamfanin su Yaya ya ƙaraso da su gida, kuma aka yi dace shi ne matuƙi. Da yawa daga cikin fasinjojin mutanen unguwarmu ne, waɗanda suka san shi tun yana yawo ba takalmi. An ce da ya gaishe su ta lasifika da Hausa, har guɗa aka yi a cikin jirgin. Ni ban shiga jirgin ba, gara in faɗi haka tun yanzu. Na gama jami'a ke nan ina jiran aiki, na bi 'yan tarba zuwa filin jirgi. An tafka ruwa tun azahar, bai daɗe da tsagaitawa ba, kuma daga inda muke tsaye ana hango ruwa kwance a kan titin saukar jirgi yana ƙyalli.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. Jirgin ya sauko, tayoyinsa suka taɓa ƙasa, sai wata ƙara ta tashi wadda na ji ta har cikin ƙirjina. Ruwa ya yi feshi ya lulluɓe shi kamar hayaƙi, har ya ɓace mana. Mata suka ɗauki salati. Can sai ga shi ya fito daga cikin feshin yana tafiya a hankali, ya juyo ya zo ya tsaya a inda jirage ke tsayawa.

A cikin jirgin abu biyu ne suka faru. Alhaji Ɗan'asabe, babban ɗan kasuwa kuma dattijon masallacinmu, ya kwance bel ɗin kujerarsa tun jirgi bai sauka ba, don ya riga kowa sauko da jarkarsa ta zamzam. Da jirgi ya ja da ƙarfi, sai bakinsa ya gwaru da kujerar gaba, sabon haƙorinsa na Makka ya fita. Hajiya Kulu kuma, maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa, tana zaune a taga bayan fiffike. Ta leƙa sai ta ga bayan injin ya rabu gida biyu, ɓari ya yi sama ɓari ya yi ƙasa, ga ƙara, ga ruwa na tashi. Kafin a sauko daga matakala magana ta riga ta haɗu: inji ya tsage, Bala ya ruɗe, Allah ne kawai ya tsare. Alhaji Ɗan'asabe, da hankici a baki, ya ce wa 'yan tarba, "Saura ƙiris ɗan gidan direba ya kai mu lahira da tsarabarmu." Aka yi dariya. Sunan ya zauna daga ranar.

Ni ba injiniya ba ne, labarin ƙasa na karanta, don haka in na yi tuntuɓe a wani wuri masana su gyara mini. Amma abin da zan faɗa daga bakin Yaya na ji shi, na karanta shi, na kuma tambayi tsofaffin matuƙa don in tabbata ban ƙara ba, ban rage ba.

Injin irin wannan jirgi iska yake zuƙa ta gaba, ya matse ta, ya ƙona ta da mai, ya feso ta ta baya da ƙarfin gaske. Wannan fesowar ita ke tura jirgi gaba. Idan aka sauka, jirgi yana da nauyi, yana kuma da gudu, titi kuwa yana da iyaka. Akwai birki a tayoyi, kuma a busasshiyar ƙasa shi ke yin mafi yawan aikin. To amma birki sai taya ta kama ƙasa yake da amfani. Idan ruwa ya kwanta, taya na iya hawa kan ruwan ta yi ta sulɓi, kamar yadda duk direban da ya taɓa taka birki cikin ruwan sama ya sani. Shi ya sa aka yi wa injin wata dabara. Da zarar tayoyi sun zauna a ƙasa, matuƙi zai ja wasu ƙananan hannuwa da ke gabansa. A irin jiragen wancan zamani, sai wasu ƙyamare biyu na ƙarfe, masu kama da ƙwaryar da aka raba biyu, su buɗe su haɗu a bayan injin su tare hanyar iska. Iskar da ta saba ficewa ta baya sai ta bugi ƙyamaren ta dawo gaba a karkace, ba kai tsaye ba, don kada injin ya sake haɗiye ta. Daga nan matuƙi zai ƙara wa injin wuta, wannan ce ƙarar da ake ji. Ƙarfin da ke tura jirgi gaba shi ne aka juya yake riƙe shi, kuma wannan riƙon bai damu da ko ƙasa na da santsi ba. Idan gudu ya ragu sai a rufe ƙyamaren, don kada injin ya tsotsi tsakuwa da tarkace.

Ke nan abin da Hajiya Kulu ta gani gaskiya ta gani. Ban taɓa kiranta maƙaryaciya ba, ba kuma zan kira ta ba. Bayan injin ya rabu gida biyu. Sai dai ba tsagewa ya yi ba, yayana ne ya buɗe shi da hannunsa, a daidai lokacin da ya kamata. Ina ganin kuma, iyakar fahimtata, da bai buɗe shi da dukkan ƙarfinsa ba a kan wancan ruwa, da titin zai iya ƙarewa jirgi bai tsaya ba.

Baba ne ya fara tsare shi da tambaya washegari, a zaure, ina zaune. Direba ne, a wurinsa maganar tsayar da jirgi ba abin wasa ba ce.

"Balarabe, ribas ka sa wa injin yana cikin gudu? Ai ko ni ba na yi wa kan jirgi haka sai na ga mutuwa."

"Baba, injin bai juya baya ba. Yadda yake juyawa a sama haka ya ci gaba. Numfashinsa kawai na karkatar."

"Numfashi?"

Yaya ya leƙa cikin gida ya karɓo ƙaramar ƙwarya wurin Inna, mahaifiyarmu, da ɗan garin tuwo a ciki. Kafin ya dawo dattijai uku sun shigo gaishe da Baba. Ya ce su duba, bakinsa shi ne inji, ƙwaryar ita ce ƙyauren. Ya kara ta a gaban bakinsa ya hura da ƙarfi. Gari ya dawo masa fuska, gira da gashin baki suka yi fari fat. Dattijai suka tuntsire da dariya, ɗaya har da riƙe ciki yana cewa, "Kai Bala, ashe ba alhazai kaɗai kake tsoratarwa ba!" Suka fita da labarin fuskarsa, suka bar bayanin a zaure. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi garin da ya zuba a rigar Yaya, ya ce, "Na gane. Je ka wanke fuskarka." Daga ranar har Baba ya koma ga Allah, ba a taɓa furta sunan nan a gabansa ya ƙyale ba.

Da a nan maganar ta tsaya, wataƙila da ta mutu da kanta. Abin da ya raya ta shi ne ban haƙuri. Mu a wurinmu, idan babba ya ji ciwo ta dalilinka, ko kai ke da gaskiya, zuwa kake yi ka durƙusa ka ce ka yi kuskure a yafe maka, shi kuma ya ce ba komai, a shafa fatiha. Al'ada ce mai kyau, ta kashe wutar rigingimu da yawa a unguwar nan, ni kaina na ci moriyarta ba sau ɗaya ba. Dattijai suka ce Yaya ya je ya ba Alhaji Ɗan'asabe haƙuri. Ya ce zai je. Na raka shi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi da ladabi, ya yi masa sannu da ciwon baki, ya yi masa addu'ar Allah ya karɓi aikin hajji. Sai ya yi shiru. Ana jira, ya yi shiru.

Wani dattijo ya ce, "To, ƙarasa mana."

"Na ƙarasa, Baba. Na zo in yi wa Alhaji sannu, na kuwa yi. Amma in na ce na yi kuskure na yi ƙarya, kuma ƙaryar za ta bi ni har cikin jirgi."

Alhaji Ɗan'asabe ya ce, "Ka ji ɗan zamani. Mu da muka ga inji ya tsage mu ne makafi?"

"Alhaji, da ka bar bel ɗinka a ɗaure, da haƙorinka na nan."

Muka kama hanyar dawowa gida. Na ce, "Yaya, kalma ɗaya ce fa, da ka faɗa an wuce wurin." Ya ce, "Aminu, ranar da na yarda cewa buɗe ƙyauren nan laifi ne, wata rana a kan jiƙaƙƙen titi hannuna zai yi jinkiri, ina tunanin me za a ce a Tudun Wada. A wurin nan jinkiri kaɗan ya isa." Ban sake yi masa maganar ba.

Ya biya kuɗin wannan ƙin da wani abu da ya fi kuɗi. Wanda da ake cewa ya kusa kashe alhazai, yanzu aka ƙara da cewa ga shi da girman kai. Inna ta rage zuwa biki saboda habaici. Mutanen da suke aiko masa da gaisuwa suka koma kiransa Saura Ƙiris daga bakin shaguna. Shi kuwa bai ƙaura ba, ko da yake yana da halin zama Kano ko Ikko. Duk hutunsa a layinmu yake yi, ya shigo da kayan aikinsa a jiki, hula a kai, ya gaida kowa da sunansa. Wanda ya kira shi Bala ya amsa da fara'a, wanda ya kira shi da ɗaya sunan ya wuce kamar ba da shi ake ba. Ya ci gaba da tuƙi shekaru bayan haka lami lafiya. Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa, a kan gadonsa, ya bar matarsa da 'yarsa Maryam tana ƙarama. Na faɗi wannan ne domin kwanan baya wani matashi a layinmu ya ba ni labari, bai san ko ni wane ne ba, cewa an sa wa layin suna ne saboda wani matuƙi da ya faɗo da jirgi ya mutu.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Filin jirgin da unguwa kaf kan yi ɗango zuwa kallo, yanzu yaran da aka haifa bayansa sun shiga jirgi sun fita ba adadi. Injinan yau ma sun canza. Maryam, wadda ta karanci aikin injin jirgi duk da an ce mata gidansu ba su da sa'a a harkar, ta yi mini bayani cewa yanzu murfin gefen injin ne ke zamewa baya, wasu ƙyamare su tare iskar da babbar fankar gaba ke turowa, ta fice ta wasu ramuka tana fuskantar gaba. Siffa ta canza, dabarar dai ita ce ta ƙwaryar Inna. Kuma duk mai waya a hannu zai iya kallon abin a bidiyo sau nawa yake so. Ina jin Yaya zai yi murna da wannan. Ina kuma jin zai yi mamakin yadda ilimin ya shigo aljihun kowa, amma mai keke ya tsaya a gabana a unguwar Fadikpe ya ce, "Oga, Saura Kiris ne za ka tafi?" ni kuma dole in ce e, in ba haka ba ba zan isa gida ba.

Shugaban kwamitin alluna Alhaji Nura ne, ɗan marigayi Alhaji Ɗan'asabe. Mutumin kirki ne, ba na jin yana da wata manufa. Hujjarsa ita ce sunan ya riga ya bi baki, masu keke sun san shi, baƙi da shi suke kwatance, kuma yau ba wanda ke nufin cin mutunci da shi. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Na yi ta juya maganar ko ni ne nake tsananta abin da bai kai ya kawo ba. Amma magana a baki daban, rubutu a ƙarfe daban. Ta baki tana iya gajiya ta mutu. Allo kuwa shaida ne, unguwa ce ta sa hannu cewa haka abin ya faru. Haka kuwa bai faru ba.

Makon jiya na ɗauki Maryam muka je gaida Hajiya Kulu, domin ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna bayan fiffike. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, kuma tun wancan karo ba ta sake shiga jirgi ba, ko Umara aka yi mata tayi sai ta ce ta yafe. Maryam ta kunna mata bidiyon saukar wani jirgi da ta ɗauka ta taga. Hajiya ba ta ga komai ba, amma da ƙarar ta tashi sai ta dafe ƙirji.

"Ita ce! Wallahi ita ce ƙarar! Su kuma waɗannan bayin Allah sun tsira?"

"Hajiya, ina ciki. Ba abin da ya faru. Kusan kullum haka ake sauka."

"Nasu injin ma ya tsage?"

"Buɗe shi ake yi, Hajiya. Birki ne."

Ta murza carbinta. Can ta ce, "To shi ubanki me ya hana shi gaya mana tun muna sama? Mutum ya iya gaisuwa a lasifika, bai iya cewa ku riƙe zuciyarku za a yi ƙara ba?" Na ce wannan kam tana da gaskiya, kuma ina jin da yana nan zai karɓa. Ta ce, "Ni dai na tsorata, Aminu, ba mai ce mini ban tsorata ba." Na ce tsoronta nata ne, ba wanda ya zo ƙwace mata shi. Da za mu tafi ta riƙe hannun Maryam ta ce, "Ke 'yar Bala ce ko? Allah ya jiƙan Bala." Ba ta ce ta yi kuskure ba, ban kuma nemi ta ce ba. Amma tun ina saurayi ban ji ta kira shi da sunansa ba sai ranar.

Idan na auna abin da ya rage na yayana, ba shi da yawa a ido: hularsa ta aiki a ɗakin matarsa, da 'ya mai gyaran injin jirgi. Sauran yana yawo a unguwa bai san kansa ba. Jikokin Hajiya Kulu da suka tashi a gabanta, da shekarun da Alhaji Ɗan'asabe ya ƙara yana jan sahun gaba a masallaci, da duk tsarabar da aka raba a Tudun Wada a wancan mako, duka sun sauko ne daga jirgin da ya tsaya kafin titi ya ƙare.

Ban ce lallai a rubuta sunansa a allon ba. A sa Layin Direba, a sa Layin Masallaci, a bar shi ba suna, duk na amince. Abu ɗaya ne ban amince da shi ba, kuma a nan babu wataƙila. Na gaya wa Alhaji Nura baki da baki, ina kuma maimaitawa a nan don kada a ce ba a ji ba: idan aka kafa allo da wancan suna a bakin layin da aka fitar da gawar yayana, zan zo da rana tsaka, bayan an sallame sallar azahar, in kwance shi da hannuna in kai masa har gida. Na san dattijai za su aiko a ce in je in ba da haƙuri. Zan je. Zan cire takalmi, in durƙusa, in yi wa kowa sannu da ɗawainiya. Daga nan zan yi shiru.